Aljabra ba ta ’yan lakol kaɗai ba ce

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, ’yan’uwa ɗalibai. Da zarar malamin lissafi ya rubuta x a allo, sai rabin aji ya tuna bai yi alwala ba. Wasu ma cewa suke: "Mu karatun addini ya kawo mu, wannan na ’yan lakol ne." Mu ’yan ajin ƙarshe mun daɗe muna faɗin haka, sai bana da muka kai babin gado a Risala muka gane cewa kanmu muke cuta.

Malam ya ba mu mas’ala: mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, ɗa namiji ɗaya da ’ya’ya mata biyu, dukiyarsa bayan biyan bashi jika 800 ce ta sefa. Hukuncin kowa ya haddace. Mata tana da sumuni tunda akwai ’ya’ya, namiji yana da rabon mata biyu. Amma da aka ce kowa nawa zai ɗauka, sai aka yi tsit. Wani ya raba saura gida uku, ya manta namiji ninki yake ɗauka.

Ga shi kuwa abin ba wuya. Sumunin 800 shi ne 100. Rabon ’ya mace ba mu san shi ba tukuna, sai mu sa masa suna x. Na namiji 2x ke nan. Idan muka tara masu kama da juna, 2x + x + x ya zama 4x. Yanzu muna da 100 + 4x = 800. Wannan alama ta daidai kamar sikeli take, abin da ka cire a hannu ɗaya dole ka cire a ɗayan. Cire 100 ta kowane ɓangare, saura 4x = 700. Raba gida huɗu, x ya zama 175. Kowace ’ya jika 175, ɗa 350, mata 100. Tara su ka gani, 800 cif.

To wai ma daga ina kalmar ta fito? Larabci ce. Muhammad ɗan Musa Alkhawarizmi ne ya rubuta littafin Aljabru wal Muƙabala a Bagadaza wajen shekarar 820, zamanin halifa Ma’amun, kuma babban kaso na littafin a kan wasiyya da gado yake. Jabru shi ne gyaran abin da ya karye, kamar ɗori. Muƙabala kuwa ita ce soke masu kama da juna a ɓangarori biyu, wato abin da muka yi wa 100 ɗin nan. Shi ko x bai rubuta ba, "shai’un" yake cewa, wato "abu".

Wani zai ce malaman zaure suna raba gado ba tare da x ba. Haka ne, kuma Allah ya saka musu. Amma shekara nawa suka yi suna gogewa? Mu gobe-goben nan za a kira mu gidan rasuwa a unguwa, a ce ai ga ɗan madarasa. In muka kuskure, galibi marayu mata da gwauruwa ne za su kwana a ciki, don su ne ba sa iya ɗaga murya.

Roƙonmu ga malamai shi ne a shekara mai zuwa malamin fiƙihu da na lissafi su haɗa darasi ko sau ɗaya a wata, a fara tun daga ƙananan azuzuwa, mas’ala daga wannan, warwara daga wancan.