Sikila Gadon Uwa da Uba Ne: Maigida Ma Ya Zo a Gwada Jininsa

 Wataƙila daga Kongolam kika taso da sassafe, kika biyo ta Daura kafin ki iso nan, an ɗebi jininki, an kuma rubuta miki wasu haruffa biyu a kati: AA, AS ko AC. Ki duba katin da kyau. Idan AS ko AC aka rubuta, to aikin bai ƙare ba, domin rabin labarin ɗan da ke cikinki ne kawai muka gani. Sauran rabin yana jikin maigida. Ra'ayina shi ne, duk ranar da aka gwada mai ciki, ya kamata a gwada mijinta. Ga dalili.

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. A cikin ƙwayar akwai wani dogon rubutu da masana ke kira DNA, wanda ke tsara yadda jiki zai kasance, tun daga launin fata har zuwa irin jini. Da haruffa 4 kacal aka yi shi, wato A, T, G da C, kuma an ɗaure shi cikin ƙunshi 46. Uwa ce ke ba jariri 23, uba ya ba shi 23. Babu wanda ya fi wani ba da kaso.

Wani lokaci akan sami sauyi a wannan rubutu yayin da jiki ke kwafarsa, kuma sauyin iri-iri ne. Akwai musanya harafi, kamar a rubuta "gada" a maimakon "gida". Akwai faɗuwar harafi ko wani yanki, kamar "gwanda" ta koma "ganda"; irin wannan ne ke sa a haifi zabiya a yawancin ƙasashen Afirka, domin fata ta rasa umarnin yin launinta. Akwai kuma ƙari, inda jariri ke zuwa da ƙunshi 47 a maimakon 46, abin da likitoci ke kira ciwon Down, wanda ya fi aukuwa idan shekarun uwa sun haura 35. Yawancin sauye-sauyen ba sa cutar da kowa. Amma akwai guda ɗaya da ya addabi ƙasar Hausa, shi ne amosanin jini, wato sikila.

Asalin sikila musanyar harafi ɗaya ne tak a ƙunshi na 11, inda T ya zauna a gurbin A. Wannan wuri shi ke tsara sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jajayen ƙwayoyin jini. Lafiyayyar ƙwayar jini zagayayya ce mai laushi, tana ratsa ƙananan jijiyoyi ba wahala, tana kuma rayuwa kimanin kwana 120. Ta mai sikila kuwa, da zarar iska ta yi mata ƙaranci sai ta sandare ta lanƙwashe kamar lauje, ta maƙale a hanya, kuma ba ta wuce kwana 10 zuwa 20. Toshewar hanyar jini ke kawo azabar ciwon ƙashi, mutuwar ƙwayoyin da wuri kuma ke kawo ƙarancin jini da shawara. Wani likita a Amurka, James Herrick, shi ya fara bayyana siffar waɗannan ƙwayoyi a rubuce a 1910, sai a 1956 Vernon Ingram ya gano a Ingila ɗan ƙaramin bambancin da ke cikin sinadarin.

Me ya sa abin ya yi yawa a wajenmu? Saboda zazzaɓin cizon sauro. Wanda ya gaji S ɗaya kawai, wato mai AS, lafiyarsa ƙalau, kuma yana da kariya daga zazzaɓi mai tsanani tun yana yaro. Ba sai mun je nesa neman hujja ba. A shekarun 1970 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi wani babban bincike a ƙauyukan Garki, da ke Jihar Jigawa a yanzu, maƙwabtanmu. An sami AS a jikin kusan kashi 24 cikin 100 na jarirai, amma a tsakanin waɗanda suka wuce shekara 5 adadin ya kai kusan kashi 29, saboda sun fi sauran tsira daga zazzaɓi. An kuma sami SS a jikin kusan jarirai 2 cikin 100, amma da ƙyar ake ganin mai SS da ya girma. Babu mamaki wasu daga cikin yaran da kakanninmu suka riƙa kira 'yan wabi wannan ciwo ne ya ɗauke su. A yau ana ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 4 a Nijeriya na ɗauke da S, kuma ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da sikila a kowace shekara.

Yanzu sai ki saurara da kyau, kai ma maigida ka saurara. Yaro ba ya zama SS sai ya karɓi S daga uwa, ya kuma karɓi S daga uba. Idan miji AA ne, matarsa ba za ta haifa masa SS ba. Saboda haka maganar da ake yi a wasu gidaje cewa "jininta ne ba kyau", har a kai ga gori ko saki, ba ta da tushe. Idan ku biyun AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 ya zo da SS, 2 cikin 4 AS, 1 cikin 4 AA. Lissafin sabo ne a kowane ciki. Ana iya haihuwar yara huɗu babu mai sikila, ana kuma iya samun biyu a jere. Haka nan idan ɗaya AS ne ɗaya AC, yaro na iya zuwa da SC, wanda shi ma nau'in sikila ne.

Na san abin da wasu magidanta za su ce: aure ya riga ya ɗauru, ciki ya shiga, gwajin me kuma? Ina ganin a nan ne ma ya fi amfani. Jariri mai sikila ana haihuwarsa kamar kowa, domin jinin da ya fito da shi daga ciki yana kare shi har zuwa wajen wata 6. Daga nan ne ake fara ganin kumburin hannu da ƙafa, kuka ba dalili, da yawan zazzaɓi. Idan mun san jinin iyaye tun yanzu, za mu gwada jaririn da wuri, mu fara ba shi fenisilin na kariya tun yana wata 2 zuwa 3, da maganin ƙarin jini, da rigakafin zazzaɓin cizon sauro, a kuma cika masa allurai. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano sun shiga binciken da ya nuna cewa awon jijiyoyin kai da na'ura tare da maganin hydroxyurea na rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki ga yara masu sikila. Yaron da aka san halinsa da wuri yana iya girma, ya yi karatu, ya yi sana'a. Wanda ba a sani ba, sau da yawa sai an gama yawon magani kafin a kawo shi.

Wasu kuma na cewa su ba auren zumunci suka yi ba. Gaskiya ne auren dangi na ƙara yiwuwar haɗuwar S biyu, amma inda mutum 1 cikin 4 ke ɗauke da shi, bare ma na iya kasancewa AS. Sauron Kongolam bai san iyakar ƙasa ba, haka ma wannan gado: danginmu na tsallake a Jamhuriyar Nijar suna fama da shi, kuma haruffan da ake rubutawa a katinsu su ne namu. Jihar Kano ta sanya dokar gwaji kafin aure a 2024, mataki ne mai kyau, amma doka ba ta shiga ɗakin waɗanda suka riga suka yi aure. Wannan ya rage ga maigida.

Ga abin lura kafin ku zo. Rukunin jini, irin su O, A da B, daban yake da jinotaif, kada a ruɗe. A yi gwajin a asibitin da aka amince da shi, kuma wanda aka yi wa ƙarin jini ya jira wata 3. Idan ke kanki SS ce ko SC, ki faɗa wa ma'aikatan awo tun zuwan farko, kada ki tsallake rana, ki sha ruwa sosai, ki kwana cikin gidan sauro, ki kuma haihu a asibiti.

Ki kai wa maigida wannan takarda, ko ki ba surukarki a karanta mata. Ɗan jini kaɗan za a ɗiba, kuma sau ɗaya ake yi a rayuwa. Ranar awonki ta gaba, ku zo tare. Allah ya sauke ki lafiya.