Injin Sassaƙa Da Allunan Talla

A shekarar 1952 ne Cibiyar Fasaha ta MIT a Amurka ta nuna injin yanka ƙarfe wanda ke bin umarnin da aka huda a jikin takarda. Yau jikokin wannan inji, waɗanda kwamfuta ke sarrafawa, su ne ke sassaƙa allunan shaguna da na asibitoci. Mai sana'a ya zana haruffa a kwamfuta, bakin injin kuwa ya bi zanen yana rarake allo.

Allon da aka fi so a can shi ne na soso mai tauri, watau HDU. Ba ya ruɓewa, ba ya shan ruwa, ba ya kuma tsagewa kamar katako. Wanda ake kafawa a waje yawanci nauyinsa laba 15 ne ko 18 a kowace ƙafa ɗaya ta tsawo da faɗi da kauri. Wanda ya sayi marar nauyi don sauƙin kuɗi, gefen haruffansa zai yi ta marmashewa, gama araha ba ta ado.

To, amma fa inji sassaƙa kaɗai ya iya. Rana tana cin soson da ba a rufe ba, saboda haka dole a kakkaɓe ƙurarsa sarai, a yi masa shafen farko, sa'an nan fenti, har da baya da gefuna. Ba ya riƙe ƙusa sosai, sai an manna masa katako ko alminiyam a baya, in ba haka ba iska ta kayar da shi kan masu wucewa. Don haka mai sayen allo ya fara tambayar yadda aka shafe shi da yadda za a kafa shi, kafin ya biya kuɗi.