Raddi ga Masu Cewa Kotu Ta Daina Karɓar Uzurin Hauka

Da zarar an gurfanar da mutum kan kisan kai, lauyansa ya ce yana da taɓin hankali, sai a ji ra'ayi guda yana tashi, har daga bakin masu ilimi: wai wannan uzuri ƙofa ce da Turawa suka buɗe wa masu laifi, a toshe ta kowa ya huta. Na ɗauki hujjojinsu da muhimmanci, don zafin jinin da aka zubar ne ke sa su magana. Amma ra'ayin kuskure ne.

Sun ce abin baƙo ne, daga Ingila aka kawo shi. Gaskiya ne sashe na 51 na kundin Final Kod da ake aiki da shi a Arewa yana da tushe a shari'ar Daniel M'Naghten, wanda a 1843 ya harbe Edward Drummond, sakataren Firaminista Robert Peel, a Landan, yana ganin 'yan jam'iyyar da ke mulki na farautar ransa. Sai dai fiƙihu ya riga alƙalan Ingila da fiye da shekara dubu. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya sa mahaukaci cikin mutum uku da aka ɗauke wa alƙalami, tare da mai barci da yaron da bai balaga ba. Da Ma'izu ya zo yana iƙirarin zina, sai da Manzon Allah (SAW) ya bincika ko hankalinsa lafiya kafin a yi maganar haddi. A cikin Muwaɗɗa kuwa, littafin da ake karantawa a zaurukanmu, Imamu Malik ya kawo cewa Marwan ɗan Hakam ya aika wa Mu'awiya tambaya kan wani mahaukaci da ya kashe mutum, amsa ta dawo cewa a ɗaure shi, kada a yi masa ƙisasi. Wanda ya kira wannan hukunci baƙo, bai leƙa littafin gidansu ba.

Sun ce kowa na iya ƙaryar hauka ya kuɓuta. A nan suka fi nisa da yadda kotu ke aiki. Doka tana ɗaukar kowa mai hankali ne, kuma wanda ake tuhuma shi ke da nauyin tabbatar da akasin haka. Takardar asibiti kaɗai ba ta isa, ko da ya taɓa kwanciya a asibitin mahaukata na Kware ko Barnawa. Abin da sashe na 51 ke nema shi ne a nuna cewa a daidai lokacin da ya aikata abin, ciwon ya hana shi sanin me yake yi, ko sanin cewa ba daidai ba ne ko ya saɓa wa doka. Wanda ya shirya, ya ɓoye makami, ya gudu, ya ƙulla ƙarya, ayyukansa za su ba da shaida a kansa. Wani bincike da aka wallafa a 1991 kan jihohi takwas na Amurka ya gano cewa ba a kawo wannan uzuri ko a kashi ɗaya cikin ɗari na manyan shari'u, kuma kimanin rubu'in waɗanda suka kawo shi ne kawai suka yi nasara. A Norway, Anders Breivik ya kashe mutum 77 a 2011. Tawagar likitoci ta farko ta ce ciwon hauka gare shi, ta biyu ta ce a'a, kotu ta auna ta yanke a 2012 cewa da hankalinsa ya yi. Alƙali ke yanke hukunci, likita shaida ne kawai.

Masu tsoron 'yan ƙwaya su kwantar da hankalinsu. Wanda ya bugu da ganin damarsa ba ya cikin wannan rangwame, a Final Kod ko a mazhabarmu. Mu'awiyan da ya hana kashe mahaukaci shi ya ba da umarnin kashe mashayin da ya yi kisa.

Sun ce ana wanke mai taɓin hankali ya koma cikin jama'a. M'Naghten bai sake taka titi ba, a tsare ya mutu a asibitin Broadmoor a 1865. John Hinckley da ya harbi Shugaba Reagan na Amurka a 1981 ya zauna a asibitin mahaukata har 2016. A Najeriya tsare mutum ake yi sai abin da hukuma ta gani, babu ranar fita. Abin da ya kamata ya dame mu ma shi ne akasin abin da suke tsoro: marasa lafiyar da ke dawwama a gidajen yari ba magani, ba mai tunawa da su.

Hujjarsu mafi nauyi ita ce ta ƙarshe: to jinin mamaci fa? Uwar da aka kashe wa ɗa, me hukuncin "ba shi da laifi" ya ba ta? Ban raina wannan tambaya ba, kuma ina ganin dokar boko ta gaza a nan. Amma rataye wanda bai san abin da hannunsa ya yi ba ba zai biya ta komai ba, gawa ce ta biyu aka ƙara. Malamai sun raba zunubi da asara: gangancin mahaukaci hukuncin kuskure yake ɗauka, babu ƙisasi, amma diyya tana hawa kan danginsa na wajen uba. Da haka jini bai tafi a banza ba, dangi kuma sun san sakacin barin majinyaci yana yawo ba magani zai dawo kansu.

Ko a Amurka, da ta fusata bayan shari'ar Hinckley, dokar tarayya ta 1984 ba ta soke uzurin ba. Ƙuntata shi ta yi, ta ɗora nauyin hujja kan wanda ake tuhuma, abin da mu dama muke da shi. Jihohi ƙalilan ne, irin su Kansas da Idaho, suka soke.

Ina kira ga 'yan majalisun jihohinmu su bar sashe na 51 yadda yake. Su sa kuɗi a aiwatar da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, a samar da likitocin da za su duba wanda ake tuhuma tun makon da aka kama shi, a kuma tanadi hanyar biyan diyya ga iyalan mamaci.