Kada a Sa wa Alƙalin Sin Rigar Ingila

Jama'a, fassara amana ce, amma wasu masu juya hukunce-hukuncen kotunan Sin zuwa Turanci suna cin amanar nan. Tun 2011 Kotun Ƙolin Sin take fitar da zaɓaɓɓun shari'o'i na jagora. Alƙali zai duba su, ya ambace su cikin dalilansa, amma rubutacciyar doka ce madogarar hukuncinsa. Sai mai fassara ya kira su da sunan da ake amfani da shi a Ingila, inda hukuncin babbar kotu yake ɗaure ƙaramar kotu, wai don Turancinsa ya yi daɗi! Lauyan Landan ya karanta, ya ba ɗan kasuwa gurguwar shawara, dukiya ta salwanta. Kama da wane ba wane ba ne. Gara fassara mai kaushi da mai santsin da zai kayar da mutum.