Masu Tsara Filayen Birni Sun Wuce Dashen Fulawa

Jama'a, akwai sana'ar da muke yi wa kallon raini a ƙasar nan: kamfanonin da ke tsara filaye, lambuna da hanyoyin ruwa na birni. Da an ambace su, abin da ke faɗo wa ɗan siyasarmu a rai shi ne fulawar shataletale ranar da babban baƙo zai zo. Kwangilar da ake ba su ke nan, ita ma sai zaɓe ya ƙarato.

To mu duba Abuja. Tsarin birnin na 1979, gamayyar kamfanonin Amurka mai suna International Planning Associates ce ta zana shi, kuma a cikinsu akwai Wallace, McHarg, Roberts and Todd na Filadelfiya, wanda wannan ce sana'arsa. Ian McHarg, ɗaya daga cikin masu kamfanin, ya yi suna ne a kan cewa kafin ka aza bulo, ka fara sanin ina ruwa yake bi. Tsarin ya bar kwaruruka da bakin rafuka babu gini. Daga baya aka riƙa gini a kan hanyar ruwa, sai ga ambaliya tana cin gidaje a Lugbe, kamar yadda muka gani a 2023. Kano ma haka: kududdufan da ke shanye ruwan sama an cike da yawansu an yi shaguna.

Ni a ganina aiki na nan jibge yana jiran waɗannan kamfanoni. Ga Maiduguri bayan ɓallewar madatsar Alau a 2024, ga kasuwanni da tashoshin mota da ba su da inuwa ko ta sisin kwabo a zafin Afrilu. Amma wallahi kamfanin da ya dogara da gwamnati yana cikin haɗari. A biya kuɗin dashe, ba a ware na ban-ruwa ba, rani ya kashe itatuwan, sannan a ce kamfanin ne ya gaza. Shi ya sa masu ƙwarewar ke komawa otal-otal da rukunin gidajen masu hali, inda biya ba ya makara. Unguwar talaka kuwa ko oho.

Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'armu, mu tambaye shi: zai kira mai tsara fili kafin a shata titi? Kuma kwangilar dashe za ta haɗa da kula da itatuwan na aƙalla shekara uku, kafin a biya cikon kuɗin?