Lafiyar Uwargida: Gwajin Da Ke Gano Cuta Tun Kafin Ta Kwantar Da Ke

 A wannan wata za mu tattauna ne a kan sankarar bakin mahaifa, da wani gwaji da ya kamata kowace uwargida ta san da shi.

Kusan duk sankarar bakin mahaifa wata ƙwayar cuta ce ta bairos mai suna HPV ke haddasa ta. Ana ɗaukarta ta hanyar saduwa, kuma a jikin yawancin mata takan mutu da kanta cikin shekara biyu. Amma a jikin wasu sai ta yi zamanta shiru, ba ciwo ba zazzaɓi, har shekara 15 zuwa 20 kafin ta rikiɗe ta zama sankara.

To, yaya ake gano abin da ido ba ya gani? Uwargida, kin san goro in aka ɓare shi biyu, ɓarin ba ya zama daidai sai da ɗan uwansa. Haka Allah Ya tsara sinadarin gado da ake kira DNA: zare ne mai tufka biyu, kowane sili ba ya manne wa kowa sai abokinsa. A ɗakin gwaji sai su raba silin biyu da zafi ko da wani sinadari, sannan su zuba wani ɗan guntun sili da aka ƙera daidai da na HPV, aka kuma yi masa alama mai haske. In ƙwayar tana nan, sai ya manne mata, na'ura ta ga hasken. In babu, babu haske. Wasu na'urorin sukan fara ninka silin sau miliyoyi, don ko kaɗan ne a gan shi.

Da irin wannan dabara ce wani likita Bajamushe, Harald zur Hausen, ya gano HPV mai lamba 16 a 1983 da mai lamba 18 a 1984. Waɗannan biyun ke jawo kusan kashi 70 cikin ɗari na wannan sankara. An ba shi kyautar Nobel a 2008.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mace ta fara wannan gwaji daga shekara 30, ta maimaita bayan shekara 5 zuwa 10. Mai ɗauke da HIV kuwa ta fara daga shekara 25, duk bayan shekara 3 zuwa 5.

Na san abin da ke hana mu zuwa: kunya. To hukumar ta amince mace ta ɗebo ruwan gwajin da kanta da ɗan tsinke mai auduga, ta miƙa. Ki tambaya ko asibitinku na yin haka. In ba su da wannan gwaji, akwai wasu hanyoyin duba bakin mahaifa, ki nemi mace ta duba ki.

Idan sakamako ya nuna akwai ƙwayar, kada hankalinki ya tashi. Ba a ce kina da sankara ba, an ce ne a ƙara dubawa, a magance abin tun yana ƙarami. Kada kuma ki koma gida da zargin maigida, domin gwajin ba ya faɗin yaushe ta shiga, ko daga ina.

Amma in kina ganin jini bayan saduwa, ko bayan al'ada ta ɗauke miki gaba ɗaya, ko ruwa mai wari, kada ki jira, ki ga likita.

'Ya'yanmu mata kuwa, tun a watan Oktoba 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin HPV. Ku shawarta da maigida, a kai su.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.