Ɗamarar Mota da Darasin da ke Cikinta

'Yan'uwa ɗalibai, da yawa daga cikinmu sun ɗauka martabar injiniya tana ga ƙera manyan injuna masu ruri. A ganina binciken da ya fi daraja shi ne wanda ya tsare ran ɗan Adam.

Ku dubi Nils Bohlin, injiniya ɗan ƙasar Suwidin. Ya yi shekaru a kamfanin jiragen sama na Saab yana aikin kujerar da ke cilla matuƙin jirgin yaƙi waje in jirgin zai faɗi. A can ya naƙalci yadda ake ɗaure jiki ya jure fizga. A 1958 ya koma kamfanin motoci na Volvo. A 1959 aka fara sa ɗamarar da ya ƙago, watau bel ɗin nan mai riƙe ƙirji da ƙugu tare, wanda hannu ɗaya ya isa ɗaura shi. A 1967 kuma ya bayyana nazarin haɗarurruka 28,000, ya tabbatar da lissafi cewa ɗamarar tana rage mutuwa da rauni. Volvo kuwa ya bar sauran kamfanoni su yi ta kyauta.

To, masu karatun injiniya, lalle ku nemi matsalar da ke kashe jama'a, ku auna ta, ku kawo hujja. Ku kuma samarin ma'aikata masu sabuwar mota, ku daina jiran hango jami'an hanya kafin ku ɗaura. Rigakafi ya fi magani.